Matar da Take Kiran Sunan Ɗana

Duk wanda ya zauna a Landover ya san Mma Wasilatu, in bai san fuskarta ba ya san muryarta. Gajeruwa ce mai jiki, 'yar Zangon Kumasi, shekarunta sittin ba biyu, sana'arta jinyar tsofaffi a gidajensu. Idan ta tsaya a ƙofar shagon kayan miya tana gaisawa da mutum, wanda yake ajiye mota a can ƙarshen fili ma sai ya ji lafiyar iyalin mutumin. Ni kuwa Sadiyya ce, mutuniyar Kano, ina ba da magani a wani kanti a Germantown. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina cin abincin matar nan ina jin haushinta. Gara in faɗa tun yanzu in hutar da ku: kishinta nake yi, kuma a kan ɗan da na haifa da cikina.

Ɗan fari ne. Kakata ce ta raine ni, Bafulatana mai tsauri, a hannunta na koyi cewa mace mai kunya ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban jama'a, ba ta tsayawa tana kallonsa kamar wata sabuwar atamfa. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, kuma babu wanda ya taɓa cewa ba ta son sa. Na zo Amurka da wannan tarbiyya a jaka ɗaya da kuka da daddawa. Kuka da daddawa suka ƙare cikin wata huɗu, ita ba ta ƙare ba. In zan kira shi sai in ce "kai", a gaban baƙi in ce "yayan Hasna", da sunan ƙanwarsa. A makaranta da asibiti rubutawa nake yi ko in miƙa katinsa, tunda hannu ba ya jin kunya. A nan ma, a bakin wani za ku fara jin sunan.

A shekarar 2003 aka haife shi, lokacin muna zaune a wani dogon bene a Landover. Maigidan yana aikin injiniya a Alexandria, ya fita da asuba ya dawo bayan magariba, ni ina fama da jarrabawar samun lasisi. Ranar suna ba ni da uwa ba ni da inna a ƙasar. Sai ga wata mata daga hawa na uku, ba wanda ya gayyace ta, ta shigo da babbar tukunya da idanu a kumbure. Na ɗauka albasa ce ta yi mata haka. Ta dafa abincin mutum arba'in ita kaɗai. Da liman ya sanar da suna, ta goge hannu a zaninta ta ɗauki jaririn ta ɗaga shi.

"Hayatudeen," in ji ta. Ta sake faɗa, ta kuma sakewa. "Suna ya yi daɗi paa."

Ni na kawar da kai kamar yadda ya kamata. Daga ranar aka raba aiki ba tare da an yi shawara da ni ba: ni da naƙuda, ita da suna.

Abin da na sani na tarihinta a lokacin bai da yawa. Uwarta mai sayar da wake da shinkafa ce a unguwar Aboabo ta Kumasi, irin nasu mai jan launi da suke ce wa wace, tun tana shekara bakwai take ɗaukar ruwa da itace. Ta yi aure sau ɗaya, auren ya mutu. Ta zo Amurka a 1998, ta yi shekaru ba ta da takardun zama. Aikin da 'ya'yan masu gida ba sa iya yi wa iyayensu shi take yi: ta yi wa tsoho wanka, ta juya shi kada kwanciya ta ci masa baya, ta ba shi abinci a baki. Da dare take wannan. Da rana ta karɓi yarona ni in tafi karatu, daga baya in tafi aiki. Na yi na yi ta karɓi kuɗi, ta ce in na sake zancen za ta daina gaishe ni. A bayanta ya yi barci, a ɗakinta ya fara tafiya, ita ta koya masa in babba ya kira shi ya ce "na'am". Ni yana ce mini Mami, ita yana ce mata Mma. Ko ba a fassara mini ba na san abin da Mma yake nufi a Zango: uwa.

Cikin tsofaffin da ta yi jinya akwai wani baƙar fata ɗan ƙasa, wanda ya yi shekara talatin yana horar da 'yan sakandare ƙwallon Amurka, kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Shekara bakwai tana gidansa. Mutumin ba shi da abin yi sai kallon tsofaffin kaset na wasa, ba shi da wanda zai koya wa sai mai yi masa wanka. Sai ya sa ta jera murafen kwalaben maganinsa a kan tiren abinci, biyar a gaba, ɗaya a baya, ya riƙa tura su da hannunsa mai lafiya. Biyar ɗin nan su ne katanga, ƙattin da suke tare abokan gaba don na bayansu ya samu sararin jefa ƙwallo. Ya ce mata jahili ne yake bin ƙwallo da ido, mai sani ƙafafun 'yan katanga yake kallo. Matar da ba ta gama firamare ba ta fito daga gidan nan da ilimin wasan da ko maigidana injiniya bai gane kansa ba har yau.

Yaron kuwa ya tashi ƙato. Yana shekara tara muna saya masa kayan 'yan sha huɗu. Ni ina auna masa abinci da kofi, ina ɓoye biskit a saman firij, ita tana cika masa kwano tana kallon yadda yake tsallake matakalar bene. Wata rana ta zo mini da takardar shiga ƙungiyar ƙwallon yara.

"Maman Hasna, sa hannu nan. Yaron nan yana da ƙafa."

"Kowa ma yana da ƙafa, Yaya Wasila."

"Irin nashi ba kowa ba. Sa hannu."

Na sa hannu da tunanin guje-guje zai rage masa ƙiba. Yau nauyinsa ya kai buhun shinkafa uku babu kaɗan.

Da muka sayi gida a Germantown, can cikin raina na ce to madalla, nisa zai yi mini maganin abin da na kasa yi da baki. Wata uku ba su cika ba ta samo jinyar wata tsohuwa a garin da ke maƙwabtaka da mu, kwana huɗu a mako. Ta ce wai sa'a ce aka yi. Ita ta riƙa kai shi atisaye a motarta mai tari, ita ta san kocinsa na sakandare, ita ta raka shi ganin jami'ar da ta ɗauke shi, wata 'yar ƙarama a Pennsylvania, tafiyar awa biyu daga gidanmu. Shekara huɗu da ya yi yana buga musu wasa, Asabar ɗaya ba ta wuce ta ba. Ta roƙi wannan ta canja da wancan a wajen aiki, ta dafa wake da shinkafa cike da kula da kwalbar yajinsu baƙi, ta ciyar da 'yan katangar nan biyar bayan an tashi. Har riga suka buga mata mai lambarsa, sittin da takwas, tana ɗora ta a kan doguwar riga, a bayan an rubuta MMA.

Kada ku ɗauka ni ban damu ba. Babu wasansa ɗaya da ban kalla ba. Ina shiga ɗakin ajiyar magani in jingina waya da kwali, ana ba da magani ina leƙowa. Ban san dokokin ba da farko, sai na bi abin da na taɓa ji tana faɗa, na kafa ido a ƙafafun mai lamba sittin da takwas. Ta haka na gane wani abu game da aikin da ya zaɓa: ɗan katanga ba ya taɓa ƙwallo, mai sanarwa ba ya kiran sunansa. In ya yi daidai, wani ne zai ci a tafa wa wani. In ya yi laifi ne kawai alƙali zai jefa ƙyalle rawaya ya faɗi lambarsa. Amma ko ta cikin 'yar wayar nan, a bayan muryar mai sanarwa, ina jin wata murya da na sani tana kwarara sunansa tun daga farko har ƙarshe. In ya yi waya da yamma sai in ce, "Ka ci abinci?" Ban taɓa gaya masa na kalla ba.

Sau ɗaya na je filin da ƙafata, a shekararsa ta uku. Na zauna can sama, na rufa da mayafi saboda sanyi. Wata mata da ke kusa da ni, Glory, uwar mai jefa musu ƙwallo, ta tambaye ni ɗan wa na zo kallo. Na ce yaron wata 'yar uwa ne, don ba zan zauna in ce wa baƙuwa ga ɗana can ba. Ta ce ita dai kullum tana yi wa sittin da takwas addu'a, shi ne yake hana a karya mata ɗa. Sai ta nuna mini ƙasa da yatsa, inda Wasilatu take tsaye a jikin shinge tana kaɗa ƙararrawa.

"Ga mamarsa can," in ji ta da Turanci. "Da kowane yaro zai samu uwa irin wannan."

Na ce haka ne. Na dawo gida a kan babbar hanya ina tuƙi ina magana ni kaɗai kamar mahaukaciya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A ƙarshen Nuwamban bara, bayan wasansa na ƙarshe a jami'a, aka fitar da sunaye. Jami'o'i goma ne suke karawa da juna a rukuninsu. Duk shekara kociyoyin goman nan sukan zauna su jefa ƙuri'a, su zaɓi gwanin kowane gurbi a duk rukunin, kuma ba a yarda koci ya zaɓi ɗan wasansa ba. Akwai sahun farko, akwai na biyu, akwai waɗanda ake ambata don kara. Hasna ce ta shigo kicin da waya a hannu tana tsalle. Yayanta yana sahun farko. Mutanen da ya yi shekara huɗu yana tare wa 'yan wasansu hanya su ne suka rubuta sunansa. Na ce mata, "To, Allah Ya sa albarka, miƙo mini gishiri." Da ta fita na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka mai isata.

Ƙungiyarsu tana da al'ada. A liyafar rana da suke yi a Disamba, duk wanda ya samu wannan karramawa zai zaɓi mutum ɗaya daga gida, mutumin ya hau dandamali, ya kira sunan ɗan wasan a lasifika, ya miƙa masa allon yabon. Wata Lizzy daga ofishinsu ta aiko da bayanin. Ban ce wa kowa komai ba, amma na fito da leshin da nake ajiya na kai ɗinki. Ban ma tsaya na tambayi kaina yadda zan yi da sunan ba. Ina ganin dai wuri ne na uwa, kuma uwa ɗaya gare shi.

Mako ɗaya kafin ranar Lizzy ta aiko da tsarin taro. A gaban sunansa an rubuta wadda za ta gabatar da shi: Wasilatu.

Na kira shi nan take ina tsaye a bayan kanta. Yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake amsawa.

"Kai, na ga takardar."

"Mami, na san ba kya faɗa," ya ce, muryarsa a kwance, babu alamar ya san ya yi wani abu. "Ban so in sa ki a gaban mutum ɗari biyu ki ji kunya ba. Tun ina shekara shida Mma ta yi mini bayani. Na taɓa tambayarta ko kin manta sunana ne, ta ce a'a, a wajenku girmamawa ce, kada in taɓa matsa miki."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Wato yaro ya taɓa zaton na manta sunansa, kuma ba ni ya tambaya ba. Wato har kunyar tawa ma sai da ta bi ta bakin matar nan kafin ta isa gare shi. Washegari ba ni da aiki, na ɗauki mota na nufi Landover.

Na same ta a kicin tana soya yajin da za ta kai, hayaƙi ya cika gidan har yana sa tari. Muka gaisa yadda ya kamata, na tambayi aiki ta tambayi maigida, don ko faɗa za a yi ba a tsallake gaisuwa. Sannan na sauke abin da na ɗauko. Na ce ta yi mini alheri, ban musa ba, amma alheri ba ya mai da mutum uwa. Na ce shekara ashirin tana tsaye tsakanina da ɗana. Na ce abin da ba ta haifa ba ta bar wa masu shi. Wannan ta ƙarshen na san ba ta dace ba tun kafin ta gama fita.

Ta rage wuta. Ta jawo kujera ta zauna, ta nuna mini ɗaya.

"Wa ya ce miki ban haifa ba?"

Na zauna.

"Baharudeen," ta ce. "Ɗan fari na. Ni ma uwana ya koya mini irin naki, ba ku kaɗai kuka san kunya ba. Ɗan Tsohuwa nake ce mishi, don tsohuwana ke riƙon shi. Yana shekara huɗu na baro shi Aboabo, na ce shekara biyu zan dawo. In na sayi kati na buga waya, sai in ce a ba ni yaron nan. In ya karɓa in ce kana jin magana? Shi ke nan. Shekara tara gare shi zazzaɓi ya kama shi ran Talata, ran Alhamis aka binne shi. Ba ni da takarda koraa, ko ɗaya, in na fita ba dawowa. Na je wajen liman na nan na ce a yi addu'a. Ya ce sunan wa za a sa? Ranan ne bakina ya fara faɗin sunan."

Ta tashi ta juya yajin kada ya kama, ta dawo.

"Kwana goma sha ɗaya bayan nan na ji ana suna a hawa na biyu. Na ɗauki tukunya."

Na tuna idanun nan da na ɗora wa albasa. Raina ya yi sanyi, na yi mata ta'aziyyar da ta makara da shekara ashirin da ɗaya. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, kishin bai tafi ko'ina ba, matsawa kawai ya yi ya ba tausayi wuri. Na ce, "Yaya Wasila, duk da haka ɗana ne. Ki bar mini wurin nan."

Ta dube ni tsaf. "Na bar miki. Yanzu zan buga wa Lizzy waya. Abu ɗaya: faɗi sunan. Nan, ni da ke da tukunya. In kin faɗa a nan, ki hau can."

Na gyara zama. Suna ne da na rubuta sau dubu, ni na amince da shi kafin a raɗa. Na buɗe baki. Sai na ji kamar kakata tana zaune a kan kujera ta uku tana kallona. Fuskata ta ɗau zafi, na ji kamar an ce in cire zani a kasuwa. Na yi gyaran murya na sake gwadawa. Abin da ya fito shi ne, "Yayan Hasna."

Ba ta yi dariya ba, da ta yi ma da na samu abin riƙewa. Ta zuba mini yaji a ƙaramar kwalba ta ɗaure a leda.

"Yaro ya yi shekara huɗu ba wanda ya kira shi a lasifika," ta ce. "Rana ɗaya ne. Ba zan bari ya tsaya yana jira ba."

Ranar liyafa na sa leshina, tunda an riga an ɗinka. Muka zauna tebur ɗaya, ni da maigida da Hasna da ita. Ta zo da farin mayafi sabo, ta bar rigar lambar a gida. Glory ta zo gaishe ta, ta gan ni, ta ce a'a, 'yar uwar nan ma ta zo. Hasna ta ce mata ai wannan ce mahaifiyarsa. Matar ta dube ni ta dubi Wasilatu, ta yabi ɗankwalina ta wuce.

Uban wani ya hau ya kira ɗansa, kakar wani ta hau. Aka zo kan namu. Wasilatu ta hau, lasifikar ta yi mata tsawo sai da koci ya sauko da ita, ko da yake ba ta buƙatarta. Ta ce da Turancinta na Kumasi yaron nan ba ya taɓa ƙwallo, amma duk wanda ya ci a ƙungiyar nan ta bayansa ya bi. Sannan ta kira shi cikakke, har da sunan ubansa da na kakansa, kowane harafi a wurinsa. Ƙattin nan huɗu abokan katangarsa suka miƙe suna buga tebur. Shi kuwa ya taso cikin kwat ɗin da ta matse masa kafaɗa, ya durƙusa har ƙasa a gabanta kamar yadda ake yi a gida kafin ya karɓi allon. Na tafa tare da kowa. Ban taɓa jin alfahari irin na lokacin ba, ban kuma taɓa jin hassada irin ta lokacin ba, su biyun a ƙirji ɗaya.

Da la'asar aka watse. Muka fito filin ajiye motoci, iska mai sanyi tana kaɗawa. Maigida da Hasna suka tsaya ɗaukar hoto da koci. Shi yana sunkuye a bayan motar Wasilatu yana gyara wa kular abinci wuri, ya ba mu baya. Ita tana gefen hagunsa rungume da allon, ni ina dama, taku uku tsakaninmu. Babu lasifika, babu mutum ɗari biyu. Na dubi faɗin bayan nan da na yi shekara huɗu ina kallo a waya, na tuna yaro ɗan shekara tara a Aboabo riƙe da kan tarho ana tambayarsa ko yana jin magana. Ban shirya ba, ban yi gyaran murya ba.

"Hayatudeen."

A hankali ya fito, amma ya fito duka. Ya ɗago nan da nan, ya juya hagu.

"Na'am, Mma?"

Ko kallon inda nake bai yi ba. Ba rashin kunya ba ne, kunnensa ne bai san sunan da muryata ba. Na tsaya riƙe da jakata da hannu biyu. Wasilatu ta bisa kafaɗarsa take kallona, idanunta sun kumbura irin na ranar suna.

"Ba ni ba ne," ta ce masa. Sannan ta ce da ni, "Bai ji ba. Sake kira."